MANOMIN KANYA BA HAƘURI YA RASA BA, WURIN AJIYA YA RASA

Duk shekara da kaka ta yi, sai malaman tattalin arziki na Facebook su ɗauko tsohuwar waƙarsu: wai manomanmu ba su da haƙuri, suna zubar da dawa a kasuwa da araha, damina ta yi su dawo suna saye da tsada. Maganar nan ta ishe ni. Ni ɗan Kanya ne a ƙasar Zuru, kuma yau zan ba su amsa da misalin da ba su zata ba, wato giyar inabi.

Kafin wani ya zaro mini takobi: ba tallar giya nake ba, ba na sha, haramcinta a Musulunci kuwa ba abin gardama ba ne. Dabarar ajiya nake so mu duba.

A kwarin Napa na jihar Kalifoniya a Amurka ana noman baƙin inabi mai suna Cabernet Sauvignon da farin da ake kira Chardonnay. Wanda ake shukawa a kan tsauni, irin su Howell Mountain, ƙasarsa tsakuwa ce, ba ta riƙe ruwa, don haka 'ya'yan kan fito ƙanana da kaurin fata. A fatar nan da ƙwallon ne sinadarin tanin yake, mai kawo bauri. Sabuwar giyar tana kama baki kamar ɗanyar kanya. Sai su zuba ta a gangar katako wajen shekara biyu, sannan su kwantar da kwalaben a ɗaki mai duhu, sanyinsa kusan digiri 13, har shekara 10 ko 20. Baurin ya kwanta, kuɗinta ya hau. Ita Chardonnay ba ta da baurin sosai, tsami ne ke riƙe ta. A 1976 aka yi gasar ɗanɗano a Paris, alƙalai Faransawa, ba su ga sunan kwalba ba, kuma na Napa suka zo na ɗaya a baƙin da farin duka.

To, tambayata ita ce: mai gonar Napa ya fi Badakkare haƙuri ne? Mutumin da al'adarsa ta golmo ta sa ya yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, shi za a koya wa jira? Haba jama'a! Abin da na Napa ya fi mu shi ne yana da ɗakin ajiya, banki na ba shi rance kan kayan da ya ajiye, kuma ba wanda zai zo da daddare a kan babur ya cinna masa wuta.

Ilimin ajiya ba baƙo ba ne a wurinmu. Tanin ɗin nan da Bature ya mayar dukiya yana cikin wasu irin jar dawa, shi ya sa tsuntsu ba ya son ta. Kakanninmu suna zuba dawa da zangarniyarta a rumbu ta shekara lafiya lau. Yau fa? Rumbu cike ya zama kiran 'yan bindiga. A watan Maris na 2022, a nan Kanya aka kai wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe, hari, aka kashe jami'an tsaro. Inda sojoji ba su tsira ba, rumbun talaka ne zai tsira? Wanda ya sayar da kaka lissafi ya yi: kuɗi na shiga aljihu a gudu da su, rumbu kuwa ba ya gudu.

Na san za a ce ai wasu a biki da gidan burkutu suke ƙarar da hatsin. Akwai su, ban musa ba. Amma ba su ne suka sa kowa ke kai kaya kasuwa lokaci guda ba. Bashin taki, kuɗin makaranta, asibiti da tsoro ne. Dillalin da ya kwashe ya kai sito a birni, shi ke cin ribar jira, sannan a kira shi mai wayo.

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Nuwamba 2015, shinkafa ta samu gata. Dawar Zuru fa, wa ya tuna da ita? Abin da nake nema daga gwamnatin jiha da wakilanmu ba shi da yawa: sito mai tsaro a garuruwan masarautar Zuru, takardar shaidar ajiya da manomi zai karɓi rance da ita, da buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaro ba magani, a farashin da talaka zai iya.

Masu wa'azin haƙuri kuma, ku fara kawo mana tsaro da sito. Idan bayan nan muka zubar da dawa da araha, ku zage mu, za mu yi shiru.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zuru.