Ba Kowane Kaya Ke Bin Hanya Guda Ba

Na san da yawanku ba ku manta da ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 ba, ana cikin azumi, ranar da manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Daga Nijeriya har Gana da Laberiya aiki ya tsaya, mutane suka yi cirko-cirko a bankuna.

A ranar na shiga wani ofis da ke biyan kuɗin layi biyu kowane wata, ɗaya na waya, ɗaya na tauraron ɗan'adam, na iske ma'aikata sun yi tagumi. Layi na biyu kuwa lafiyarsa ƙalau, ba dai wanda ya gaya wa na'ura ta bi shi. Wannan shi ya kawo mu ga zancenmu na wannan mako.

Kowane ofis mai hankali yana da na'urar tsaro da ke tsakanin kwamfutocinsa da duniyar waje. Mu kira ta sarkin ƙofa, don aikinsu ɗaya. Duk saƙon da zai fita akan yanyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Bisa al'ada, wajen zaɓen hanya tambaya ɗaya tak sarkin ƙofa ke yi wa ƙunshi: ina za ka? Sai ya dubi jadawalin hanyoyinsa ya sallame shi. Ba ruwansa da ko kuɗin albashi ne, ko bidiyon wasan ƙwallo.

Zaɓen hanya bisa ƙa'ida shi ne a ƙara masa tambayoyi: daga wace kwamfuta ka fito, ta wace ƙofa ka shigo, wane irin kaya ka ɗauko? Kowace ƙa'ida kashi biyu ce, sharaɗi da mafita. Alal misali a rubuta cewa duk abin da ya fito daga sashen kuɗi ya bi layin waya, abin da ya fito daga wayoyin baƙi kuwa ya bi na tauraro. Ba sabuwar dabara ba ce. Tsarin Linux yana da ita tun fitowa ta 2.2 a shekarar 1999, na'urorin Cisco da MikroTik da FortiGate ma kowace da nata salon.

To, ga inda akan yi tuntuɓe. A na'ura irin FortiGate ana duba ƙa'idodin nan kafin jadawali, daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa kuma ita ke yanke hukunci, ba a kallon na bayanta. Saboda haka ƙa'ida mai faɗi, idan aka ɗora ta a sama, sai ta haɗiye sauran. Mutum ya rubuta cewa kome daga sashen kuɗi ya fita ta layin waya, ya manta cewa na'urar buga takardu tana wani sashe na gidan. Akawu ya aika wasiƙa a buga masa, sarkin ƙofa ya tasa ƙeyarta zuwa waje, ta ɓace. A yi ta zagin na'urar buga takardu, alhali kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Maganin abin shi ne a sa togaciya can sama, cewa saƙon cikin gida ya bi jadawali kamar kullum.

Sa'an nan a tuna, nuna hanya dabam, ba da izini dabam. Ƙa'idar hanya ba ta buɗe ƙofa; sai an rubuta dokar tsaro da ta yarda a fita ta wannan layin. Haka kuma ƙunshi ya fita da adireshin layin da ya bi. In ya fita ta na tauraro ɗauke da adireshin na waya, ko kamfanin ya yar da shi, ko amsa ta dawo ta wata ƙofa a kore ta kamar baƙuwar fuska.

Mu koma ofishin nan. Tun farko an shirya cewa in layin waya ya mutu a koma ɗayan. Amma a ganin na'urar bai mutu ba, tun da ƙaramin akwatin kamfanin da ke kan tebur yana amsa mata, fitilarsa na ci. Ɓarna tana can cikin teku. Abin da ya kamata shi ne a umarce ta ta riƙa ƙwanƙwasa wani adireshi mai nisa a ƙetare kowane 'yan daƙiƙu, in ta ji shiru sau da dama a jere ta janye ƙa'idar, kaya su koma ɗaya layin.

Ni a ganina, mai sayen layi biyu ya tambayi kamfanonin ta wace wayar teku kowanne ke fita, don sau da yawa sunaye biyu ne, igiya guda. In an gama shiri kuma, a zaɓi wata Asabar da ba kowa, a zare layi ɗaya da hannu, sa'an nan a gwada katse shi daga bayan akwatin kamfani, a riƙe agogo a ga daƙiƙa nawa sashen kuɗi zai yi kafin ya dawo.