Kafin mu kira gauraka, mu gyara mata masauki

Ran nan cikin shirinmu wani dattijo ya bugo waya, ya ce mini: "Ɗana, yaushe rabonka da ganin gauraka?" Wallahi sai na yi shiru. Tun ina ɗan lakwal rabona da ita.

Gauraka tana ƙwai da damina cikin haki mai ruwa, da rani kuma ta bi tabkin da bai ƙafe ba, dare ya yi ta hau icce. To ku dubi tabkin Keita da fadamun Tamaske yau. Garkar albasa ta kai har bakin ruwa, manyan itatuwa sun tafi murhu, in kuma yara sun ga ƙwai ko ɗan tsako sai su kwashe. Ina za ta sauka?

Wasu na cewa gwamnati ta kawo muna ita kamar yadda aka yi da raƙuman dawa. Gaskiya ne, a 2018 an ɗauko takwas daga Kure zuwa Gadabeji. Amma ku tuna, Gadabeji gandun daji ne tun 1955, masauki aka tarar a shirye. Tsuntsu kuwa fiffike gare shi. In wuri bai yi mishi ba, gobe da safe babu shi.

Ni ɗan mai garka ne, na san albasa ce ke biyan bashi, ita ke aurar da ɗiya. Ban ce kowa ya bar gonarshi ba. Abin da nike roƙo kaɗan ne: kowane tabki a ware gefe guda, a yi mishi shingen ƙaya, ba noma, ba sara, ba harbi, a bar wa bisashe hanyar shan ruwa. Hakimai, magajin gari, makiyaya da ma'aikatan gandun daji su zauna su shata iyakar tun ruwa bai janye ba.

Tabalak da Dan Dutsi, nan cikin jihar Tawa, tun 2005 suna cikin jerin tabkunan da duniya ta yarda a kiyaye. Mutanen Keita da suka tada ƙasar da ta mutu da duwatsu da hannuwansu, gefen tabki guda ba ya gagarar su.

In kun taɓa ganin gauraka, ku faɗa muna a ina, wace shekara. Daga nan za mu fara.