Ƙamusun Japananci: tsada ba ita ce gata ba

Makon jiya wani uba ya tare ni bakin lakwal yana ta murna. Ɗiyarsa ta fara koyon Japananci, da burin neman tallafin karatu na gwamnatin Japan in ta samu bak, shi kuma ya sa an sayo mata ƙamus na lantarki, irin mai buɗewa kamar ƙaramar kwamfuta, wanda Japanawa ke kira denshi jisho. Kuɗin da ya zuba sun isa buhunan hatsi da dama. Yarinya ta kunna, ta rasa inda za ta latsa, don umarnin cikin duk da Japananci yake.

Na'urar ba ta da laifi. Casio EX-word da Sharp Brain kaya ne masu kyau, amma galibinsu an ƙera su ne don ɗan Japan mai shirin jarrabawa, wanda ya riga ya iya karanta harshensa. Yaron da bai gama haddace hiragana 46 ba, me zai yi da ƙamus mai bayyana Japananci da Japananci?

Wahalar mai koyo tana ga kanji. Jerin da gwamnatinsu ta tsayar a 2010 yana da 2,136, kuma ba a neman su bi da bi kamar yadda muke buɗe Larousse. In ba ka san furucin kalma ba, ta ina za ka fara? Dubi 生: nan a karanta shi sei, can nama, a cikin ikiru kuwa i. Don haka abin da za a tambaya kafin a zaɓi ƙamus shi ne: yaro zai iya zana harafin da yatsa ko ya nemo shi ta gutsattsarinsa? Zai ga furucin da misali cikin jimla? Yana aiki in kuɗin intanet sun ƙare? Wannan na ƙarshe, mu nan mun san nauyinsa.

Mafi yawan wannan ana samunsa kyauta. Aikin da Jim Breen ya fara a 1991 a jami'ar Monash ta Ostireliya, wanda ya zama JMdict, a kansa Takoboto na Android ya dogara, kuma yana aiki ba intanet. Jisho.org ma haka tushensa yake, sai dai yana son intanet da Ingilishi. Fassarar Faransanci ba ta kai ta Ingilishi yawa ba, gaskiya ne. Sai a haɗa da jibiki.fr.

Faɗana ya fi zafi da abokan aikina masu cewa a bar yaro ya haska shafi da kyamarar Google Translate kawai. Haba malamai! Ya samu ma'ana, amma bai nemi komai ba, gobe ya ga harafin nan kamar baƙo. A ajin Faransanci wa ke yarda da haka?

Uban nan na ce ya adana na'urar cikin akwati, ya cire batir. In yarinya ta kusa matakin N2 na jarrabawar JLPT, za ta nemo ta da kanta.