Mu maido da lalle cikin gidajenmu

Kowace ranar 3 ga Agusta ana hita dashen itace a Nijar, hukumomi su dasa, a ɗauki hoto, a watse. To amma cikin gidajenmu fa, mi muke dasawa?

Daga Tsarnawa zuwa Ƙonni, Malbaza da Illela, in mutum ya gina gida sabo sai ya nemo huranni na waje daga Yamai. Watan Afrilu na zuwa, zahi ya kai digiri 44, ruwan pampo ya yi wuya, sai ka tarar sun bushe ƙurmus. An yi asarar kuɗi, an yi asarar ruwa.

Ni dai ra'ayina, mu koma ga lalle. Kakanninmu mata sun san darajarsa, shi ya sa suke tsayar da shi bayan ɗaki. Ya san ƙasarmu, ya san ranarmu. In saiwarsa ta kama, ruwa kaɗan ya ishe shi. Hurensa ƙanana ne, farare, da marece ƙamshinsu na cika tsakar gida. In anka jera shi anka riƙa aske kansa, sai ya zama shinge mai tare ƙura da idon mai wucewa.

Dashensa ba wuya. A yanko reshe mai ƙwari a kafa shi farkon damina, wajen Yuli, ko a jiƙa iri cikin ruwa 'yan kwanaki kahin a shuka. A kewaye shi da ƙaya shekarar farko saboda awaki.

Wani zai ce ai lalle ba ya ba da inuwa kamar bedi. Gaskiya ne. Amma bedi daga Indiya anka kawo shi, munka karɓe shi hannu biyu, don mi na gida zai rasa wuri? Kowa da aikinsa.

Ga kuma batun lahiya. Baƙin lallen kanti da 'yan matanmu ke sawa ranar biki, wani akwai sinadarin rina gashi a ciki, yana iya ƙona fata. Ganyen gida kuwa uwar gida ta tsinka, ta shanya, ta daka, ta yi ƙunshi, rarar ta kai kasuwa.

Daminar bana kowane gida ya kafa ko da tushe biyu. Da tsohuwar zuma ake magani.