"Za Mu Gyara Daga Baya": Darasin Dutsen Gariwang

Na san wani zai ce, haba malam, muna fama da kuɗin makaranta da layin ruwa a ɗakunan kwana, kai kuma ka zo mana da zancen dusar ƙanƙara? Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don maganar ta fi shafar mu 'yan kwalejin fasaha a kan kowa.

Zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin tantance illar ayyuka ga muhalli ya ba mu aikin gida: kowa ya nemo wani babban aiki da aka yi a ko'ina a duniya, ya kwatanta abin da aka yi alkawari kafin a fara da abin da aka tarar bayan an gama. Yawancin 'yan ajinmu madatsun ruwa da manyan tituna suka ɗauka. Ni kuwa garin lalube a intanet na faɗa kan wani dutse a Koriya ta Kudu mai suna Gariwang. Da na buɗe hotonsa a Google Earth sai na ga daji kore shar ya lulluɓe ko'ina, amma ga wani dogon tabo ya taso daga ƙoli har gindi, kamar wanzami ya ja aska a tsakiyar suma ya tafi abinsa. Tabon nan filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne, wanda aka sassaƙa domin gasar Olamfik ta hunturu ta 2018.

Wasunmu za su tuna wannan gasar da aka yi a Piyongchang, domin ita ce ta hunturu ta farko da Najeriya ta taɓa halarta. Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka shiga tseren keken ƙanƙara, muka yi ta yaɗa hotunansu a Facebook. A wani fili daban suka yi nasu wasan. Labarin Gariwang bai zo mana ba sam.

Gariwang yana lardin Gangwon, a arewa maso gabashin ƙasar, cikin jerin tsaunukan Taebaek, tsakanin gundumar Jongson da ta Piyongchang. Ƙolinsa mita 1,561 ne daga doron teku. Ke nan tsaunukan Shere na Jos ma sun fi shi tsayi. Abin da ya ba shi ƙanƙara shi ne nisansa daga tsakiyar duniya da kuma iskar da ke kaɗowa daga Saberiya da hunturu. Ƙololuwa uku gare shi a jere, babba da ta tsakiya da ƙarama, kuma daga ƙaramar aka jawo filin tseren ya gangara zuwa kwarin da kogin Odae yake bi, inda ƙauyen Sugam yake.

Darajar dutsen a dajinsa take. Wanda ya ga Koriya ta Kudu a yau zai ga kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne, amma yawancinsa dashe ne na baya-bayan nan. Mulkin mallakar Japan da yaƙin 1950 zuwa 1953 da saran itacen girki sun bar tsaunukan ƙasar tsirara, sai daga baya gwamnati ta tashi haiƙan, musamman daga 1973, aka yi ta dashe. Gariwang na cikin 'yan wuraren da suka tsira da tsohon dajinsu. Tun zamanin sarakunan Koriya na dā aka killace shi saboda jinsen, wata saiwar magani mai tsadar gaske da ake haƙa wa fada, har aka kafa dutsen shaida na hana mutane shiga. Shi ya sa ake ce masa dajin shekara 500. A cikinsa akwai manyan itatuwa masu zubar da ganye da kaka, da masu farin ɓawo irin na ƙasashen sanyi, da wata bishiya da Koriyawa ke kira jumok, mai koren ganye duk shekara, wadda girmanta ke da nawa ƙwarai. Akwai kuma wuraren da tarin duwatsu ke riƙe sanyin hunturu a ƙarƙashi, ya riƙa hurowa ta kafofi ko da bazara, ya riƙe danshin da ƙananan tsirrai ke rayuwa a kai. A 2008 hukumar gandun dajin ƙasar ta ayyana shi wurin adana irin tsirrai, wanda doka ta hana a taɓa.

To me ya kai katafila wurin? Lamba ɗaya ce tak: 800. Dokar hukumar wasan zamiya ta duniya ta ce filin tseren gangara na maza dole tazarar tsayi tsakanin inda ake tashi da inda ake tsayawa ta kai mita 800. Da aka ba Piyongchang gasar a watan Yulin 2011, masu shiryawa suka ce duk yankin babu gangaren da ya cika wannan sharaɗi kusa da sauran filayen sai Gariwang. 'Yan safiyo suka auna: tashi daga mita 1,370, tsayawa a mita 545, tazara 825, tsawon fili kusan kilomita 3. Lissafi ya fita. A 2013 aka cire wa kimanin hekta 78 na dajin rigar kariyar da doka ta sanya masa, a 2014 aka fara sara. Adadin da aka fi ambata shi ne bishiya 58,000, masu fafutukar kare muhalli kuma suka ce abin ya wuce haka. An kashe kusan won biliyan 200, kuɗin ƙasar ke nan, an kuma tashi mutanen da ke zaune a gindin dutsen.

Ɗan ƙasar Nowe, Aksel Lund Svindal, da ya ci zinare a tseren maza, minti ɗaya da daƙiƙa 40 ya yi a kan filin. Idan aka haɗa duk wasannin da aka yi a wurin, har da na gwaji da na masu buƙata ta musamman da suka biyo baya a watan Maris, 'yan makonni ne.

Ga inda maganata take. Ba a sare dajin nan da ƙarfin tsiya kawai ba, da alkawari aka sare shi. Sharaɗin da hukumar gandun daji ta gindaya shi ne, da zarar an gama gasa a kwashe kaya a mayar da daji yadda yake. Wannan alkawari ne ya buɗe ƙofa. Kuma ni a ganina duk wanda ya san aikin ƙasa ya san tun ranar da aka sa hannu cewa ba mai cikuwa ba ne.

Ku duba yadda ake yin filin zamiya, ku 'yan sashen injiniyan gine-gine kun fi ni sani. Sare bishiya mataki na farko ne kawai. Sai a tumɓuke kututture da saiwa, a kankare ƙasar sama, a fasa dutse inda ya yi tudu, a cike inda ya yi rami, a danne ƙasar ta yi tauri, domin mai tsere yana wuce gudun kilomita 100 a awa, ɗan ƙaramin ƙullutu zai iya halaka shi. Sannan a binne bututun ruwa da wayoyin wuta na injinan da ke fesa dusar ƙanƙara ta roba, don ta sama ba ta isa, a kafa turakun ƙarfe na motocin da ke tafiya a kan igiya suna hawa da mutane. Bayan duk wannan, me ya rage da za a mayar? Ƙasar sama da ganye ya yi ɗaruruwan shekaru yana ruɓewa ya tara, da irin da ke kwance a cikinta, da hanyoyin da ruwa da iska mai sanyi suke bi a ƙarƙashi, duk sun tafi. Wasu bishiyoyin an ciro su da saiwarsu an dasa a gefe da nufin a mayar da su, da yawa a cikinsu suka bushe.

Gangare kuma ba ya jiran kwamiti ya zauna. Saiwa ce ƙusar da ke riƙe ƙasa a jikin dutse, ganye kuma shi ke karya ƙarfin ruwan sama kafin ya taɓa ƙasa. Koriya na da damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga guguwar teku a kai a kai. Watanni kaɗan bayan an watse daga gasar, ruwa ya fara kwaso ƙasa da duwatsu daga filin zuwa ƙasa, mutanen kwarin suka shiga fargabar zaftarewa.

Ba kuma za a ce ba a taɓa ganin irin wannan ba. A gasar Saforo ta 1972, Japan ta sare gefen dutsen Eniwa ta yi filin tseren gangara da sharaɗin mayarwa. Su sun cika alkawari iya ƙarfinsu, sun kwashe kaya sun yi dashe na shekaru, amma bayan gomman shekaru ana iya gane wurin daga nesa, don dashen bai saje da tsohon dajin ba. Maƙwabtan juna ne fa. Wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta ai ya san abin yi.

Adalci ne in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, domin suna da ita. Masu shirya gasar sun rage ɓarna: da farko fili biyu aka tsara, na maza da na mata, aka haɗe su ya zama ɗaya, aka kuma sauko da mafarin daga ƙololuwa ta tsakiya zuwa ƙarama. Sannan ga mutanen Jongson. Yanki ne na ma'adinin kwal, da aka fara rufe ramukan haƙa daga ƙarshen shekarun 1980 aiki ya ƙare, matasa suka gudu birni. Da aka gama gasa aka zo maganar rushewa, su ne suka fito zanga-zanga suka ce a bar musu motocin igiyar su ci abinci da 'yan yawon buɗe ido. An yi shekara uku ana ja-in-ja, a 2021 aka amince a bar su na wani ɗan wa'adi, a Janairun 2023 aka buɗe wa jama'a. Wallahi ban ga laifinsu ba. Wanda aka gina wa abu na biliyoyi a ƙofar gida ba zai yarda a rushe ya koma zaman banza ba.

Amma wannan ma ai ƙarin hujja ce a kan abin da nake faɗa. Duk wanda ya rubuta "za a mayar" ya manta cewa da zarar aiki ya tsaya da ƙafarsa, sai ya samu masu cin abinci a jikinsa, kuma suna da ƙuri'a. Bishiyar da aka sare ba ta zanga-zanga. Saboda haka ranar da ake da ikon ceton dajin ita ce ranar da aka shimfiɗa taswira a kan tebur. A wannan ranar masu fafutuka sun kawo wata mafita: dokar wasan ta ba da dama a wasu yanayi a yi tseren zagaye biyu a gajeren gangare a haɗa lokacin, kuma akwai tsofaffin filaye a yankin irin su Yongpyong. Aka ce wannan ba ta dace da Olamfik ba. Dokar mita 800 da mutane suka zauna suka rubuta ta gagari canji, dokar kare dajin kuwa aka gyara ta cikin sauƙi.

Yanzu mu dawo gida. Mu ne masu fita daga nan da difloma a safiyo, da tsara birane, da gine-gine, da kula da gandun daji. Gobe mu za a miƙa wa na'urar awo a ce a fitar da layin hanya, mu za a ba rahoton muhalli a ce a cike. Najeriya na da dokar tantance illar ayyuka ga muhalli tun 1992, amma duk wanda ya je koyon aiki ya san yadda ake ɗaukar shafin "matakan gyara" a wurare da yawa: shi ake rubutawa a ƙarshe, a gurguje, wani lokacin ma a kwafo daga tsohon rahoto. Ni da idona, a wurin da na yi nawa koyon aikin, na ga an kayar da layin manyan darbejiya da wata tsohuwar tsamiya don faɗaɗa harabar da za a yi taron kwana ɗaya. Na tambayi ogan wurin, ya ce, "Kai yaro, ai za a dasa wasu." An dasa ɗin, ranar taro, gaban kyamara. Da na koma karɓar takardar shaidata, awaki sun gama da su.

Shawarata gare mu guda uku ce. Ta farko, idan an ce za a gyara, mu tambaya: da wane kuɗi, a asusun wa yake, wa zai yi, zuwa yaushe? In babu amsa a rubuce kafin a fara, to babu gyara. Ta biyu, mu koyi rarrabe abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa, mu rubuta shi ɓaro-ɓaro a rahoto ko da oga zai ɓata rai. Kwalta na gyaruwa, gini na gyaruwa, ƙasar saman gangare da tsohuwar bishiya ba sa dawowa a tsawon rayuwar wanda ya sa hannu. Ta uku, mu riƙa kawo zaɓi na biyu. Injiniyan da ya zo da layi ɗaya ya ce babu wani, ya riga ya yanke wa masu hukunci hukunci.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai da su nemi a riƙa sanar da ɗalibai kafin a sare kowace babbar bishiya a harabar makaranta, a kuma ba 'yan sashen safiyo da na gandun daji damar ƙirga su da sanya su a taswira a matsayin aikin kammala karatu. Abu ne da ba ya cin kuɗi, kuma mu da muke karatu a inuwarsu lokacin jarrabawa mun san amfaninsu.

Aikin gidan nan dai na miƙa shi, malam ya ba ni maki daidai gwargwado, ya rubuta a gefe cewa na cika zafi. Na karɓi gyaran. Amma duk wanda ke da data ya buɗe taswira ya nemi Gariwang ya ga tabon da idonsa, sannan mu haɗu a majalisa mu yi muhawara. Allah Ya sa mu zama masu riƙon amanar abin da za a damƙa mana.