Ingila ba ta kori addini daga aji ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi gyara a kan wata magana da na karanta a shafin ra'ayi na jaridar nan. Marubucin ya ce Turawa sun ci gaba ne don sun kori addini daga aji, sun bar shi a coci. Maganar tana da daɗin ji, kuma tun ina Funtuwa nake jin ta a teburin mai shayi. Sai dai Turai ba gari guda ba ce. Shekarata huɗu ina aikin jinya a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, 'yata tana firamaren gwamnati a nan, kuma gani ya kori ji.

Ranar da muka je cike fom ɗin makaranta, uwargida ta ja birki a bakin ƙofa. A jikin allon sunan makarantar akwai gicciye, a ƙasa kuma an rubuta cewa ta Cocin Ingila ce. Ta dube ni ta ce, "Baban Hauwa, makarantar mishan ka kawo mu?" Na ce ta gwamnati ce, ko kwabo ba a biya. Ashe dukkanmu muna da gaskiya. Gwamnati ke biyan malamai, coci kuma ta kafa makarantar, tana da kujeru a hukumar da ke tafiyar da ita. Cocin Ingila na da irin waɗannan makarantu wajen 4,600, yaran da ke cikinsu sun kai miliyan ɗaya, kuma kusan ɗaya cikin kowace firamare huɗu a ƙasar tata ce. In aka haɗa da na Katolika da na sauran addinai, wajen kashi ɗaya cikin uku na makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a Ingila na addini ne. Ba abin mamaki ba ne, tunda coci ta riga gwamnati shiga harkar. Tun 1811 ta kafa ƙungiyar gina wa 'ya'yan talakawa makarantu, gwamnati kuwa sai bayan dokar 1870 ta fara gina nata.

Kada a ce ai waɗannan na coci ne. Dokar ilimi ta 1944 ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta tara yara su yi ibada tare kullum, ta kuma wajabta darasin addini. A 1988, zamanin Margaret Thatcher, aka ƙara ɗaure igiyar, aka ce a makarantun da ba na kowane addini ba ma, akasarin ibadar nan ta zama mai kamannin Kiristanci. Dokar tana nan har gobe, ba a soke ta ba.

Wanda ke son hujja a tafin hannu ya nemi tsabar fam ɗaya ya duba gefen kan Sarki. Zai ga haruffa biyu, F da D, taƙaitawar wani laƙabi na Latin mai nufin mai kare addini. Fafaroma ne ya ba Sarki Henry na Takwas laƙabin a 1521, don ya yi littafin raddi ga Martin Luther. Bayan 'yan shekaru Henry ya ɓata da fadar Fafaroma a kan batun sakin matarsa, ya ɓalle da cocin ƙasarsa, amma bai saki laƙabin ba. A ranar 6 ga Mayu 2023 duniya ta kalli naɗin Sarki Charles a majami'ar Westminster, inda Akbishop na Canterbury ya shafa masa man tsarki. Sarkin shi ne shugaban ƙoli na Cocin Ingila, kuma doka ta hana ɗan Katolika hawa karagar. Bishop 26 na da kujeru a majalisar dattawan ƙasar saboda muƙaminsu kawai, ba wanda ya zaɓe su. Majalisar wakilai ma da addu'a take buɗe zama. In wannan ne raba addini da mulki, to ban san me ake kira haɗawa ba.

Amma fa in na tsaya nan na yi wa masu karatu rabin labari. Rigar ta Kiristanci ce, mai rigar ne ya rame. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna masu kiran kansu Kirista sun sauko zuwa kashi 46.2 cikin ɗari daga 59.3 a 2011, karon farko da suka gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37.2, Musulmi kuma 6.5. Cocin da ke kusa da gidanmu, ranar Lahadi in ka leƙa, tsofaffi ne 'yan tsiraru da iyalai biyu uku 'yan Afirka. Ita kanta dokar ibada ta kullum, a yawancin sakandare suna ne kawai ya rage. Tun 2004 babban sufeton makarantu na lokacin, David Bell, ya bayyana cewa wajen kashi uku cikin huɗu na sakandare ba sa bin ta.

Ban yarda da labarin baki ba, sai na nemi izini na halarci asambilin makarantar 'yata wata Juma'a da safe. Yara sun zauna a ƙasa sun tanƙwashe ƙafa, aji bayan aji. Wani yaro ya kunna kyandir a kan tebur. Limamin cocin, wata dattijuwa ce mai farar kwala, ta ba da labarin mutumin da 'yan fashi suka yi wa duka suka yar a hanya, manyan gari suka wuce shi, baƙon da ake rainawa ya tsaya ya ɗauke shi. Ta tambayi yara wa suka taɓa wucewa a filin wasa yana kuka. Da za ta rufe sai ta ce za ta yi addu'a, wanda yake so addu'ar ta zama tasa ya ce amin, wanda ba ya so ya yi shiru ya yi tunani. Ina kallon Hauwa daga baya da ɗan hijabinta mai launin kayan makaranta. Shiru ta yi, tana wasa da igiyar takalminta. Ba wanda ya waiwaye ta.

A nan ne nake ganin marubucin ya fi kuskure. Ƙasar da ta kori addini daga aji da gaske ita ce Faransa, tun dokokin Jules Ferry na shekarun 1880 da dokar raba coci da gwamnati ta 1905. A can, dokar 2004 ta hana yarinya shiga makarantar gwamnati da hijabi, a 2023 kuma aka haɗa da abaya. Da a can na sami aiki, a bakin ƙofa Hauwa za ta riƙa tuɓe hijabinta kowace safiya. A nan Ingila ma, makarantar da ta yi suna wajen hana ɗalibai salla a harabarta, wato Michaela da ke Wembley a Landan, ba ta coci ba ce. Tana alfahari ne da cewa ba ruwanta da addini, kuma da wata ɗaliba ta kai ƙara, babbar kotu ta ba makarantar gaskiya a Afrilun 2024. Haka kuma, da yake doka ta daɗe tana ba makarantun coci kuɗi, ba ta sami bakin hana wasu har abada ba. A 1998 gwamnati ta fara ɗaukar nauyin makarantun Musulmi, ciki har da Islamia ta Landan wadda Yusuf Islam ya kafa. Abin da na fahimta shi ne, malamin da ya san daɗin addu'a a ransa ya fi saurin gane dalilin da yaro zai ƙi cin abincin rana a watan azumi.

Ba wai tsarin ba shi da aibu ba. Doka ta ba uba damar cire ɗansa daga ibada da darasin addini ba tare da ya faɗi dalili ba. A takarda abin ya yi kyau. A zahiri kuwa, yarinya 'yar shekara bakwai za a kai ɗakin karatu ta zauna ita kaɗai, tana jiyo ƙawayenta na waƙa ta bango, kuma a wannan taron ne ake raba takardun yabo. Wace uwa ce za ta so wa 'yarta haka? Shi ya sa ba mu cire ta ba. Ga kuma wasu makarantun coci masu farin jini da ke fifita 'ya'yan masu zuwa majami'a wajen ɗaukar ɗalibai, har ka ga wanda rabonsa da coci tun ranar aurensa ya zama na sahun gaba shekara guda kafin ɗansa ya isa shiga aji. Kuɗin harajin kowa ne ke tafiyar da makarantar, har da nawa. Wannan kam ban ga adalcinsa ba.

Mu ma a gida muna da kariya irin wadda ta ba uba damar cire ɗansa daga ibada. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Da na ga yadda aka ƙyale Hauwa da shirunta, sai na tuna wani ɗan ajinmu a firamare, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Kirista, wanda yake tsayawa a layi kullum muna karatun safe, hannunsa a baya. Shekara shida muna tare ban taɓa tambayarsa yadda yake ji ba.

A Disambar da ta wuce aka aiko da takarda cewa za a yi wasan kwaikwayon haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Na je na sami malamar ajin, na gaya mata muna girmama shi da mahaifiyarsa, amma akwai kalmomin da 'yata ba za ta furta ba. Ba ta ja da ni ba. Ta ce tauraruwa ba ta magana, tsayuwa kawai take yi a kan benci. Uwargida ta kwana tana ɗinka rigar da ragowar wata atamfa ruwan ɗorawa, tana ɗinki tana mita. Yanzu kuma ga takardar bikin Ista, wanda za a yi a cikin majami'ar kanta. Ita ta ce a'a, ni na ce mu ƙara tunani. Takardar na manne a ƙofar firji, ba mu sa hannu ba tukuna.

Naka mai karatu,
Baban Hauwa, daga arewacin Ingila