Mai ciki a gidan kaso ita ma tana bukatar awo

A wannan shafi mun sha yin magana kan awon ciki. Mun ce mace ta fara zuwa likita tun cikin yana ƙarami. Amma akwai matan da ba su da ikon bin wannan shawara, ko da suna so. Su ne matan da ke tsare a gidan kaso. Ƙofa a rufe take, kuma mabuɗin yana hannun wani.

Wani zai ce: ai ita ta jawo wa kanta. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Wasu daga cikinsu ma ba a yanke musu hukunci ba tukuna, jiran alƙali suke yi. Wadda kuma aka tabbatar da laifinta, hukuncinta shi ne zaman kaso. Alƙali bai yanke mata ɓari ba, bai yanke mata mutuwa wajen haihuwa ba. Ɗan da ke cikinta kuwa bai yi wa kowa komi ba. Malamanmu suna ba da labarin matar da ta zo wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta amsa laifinta alhali tana da ciki. Ya jinkirta hukunci har ta haihu, har ta yaye ɗanta.

Ciki kamar shuka yake. Abin da aka rasa a farkon damina, ba a maido shi ranar girbi. Tun shekarar 2016 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. A wajen awo ana gwada hawan jini. Ana duba kwanciyar ɗa. Ana gwajin sida da tunjere, domin idan an gano su da wuri ana iya kare jariri. Ana yin allurar tetanos. Ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini da za ta sha kullum. Bayan wata uku na farko ana ba ta Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani. Duk wannan ba ya bukatar babban asibiti. Ungozoma guda, da abin gwada jini, da karnen awo, sun isa a fara.

Wadda ke kaso ta fi kowa bukatar waɗannan abubuwa. Ɗaki ne mai cunkoso da zafi, sauro kuwa bango ba ya hana shi shiga. Zazzaɓi yana shanye jinin mai ciki, yana sa a haifi ɗa ƙarami ko bakwaini. Ga kuma zancen abinci. Tuwon gero ko na dawa yana cika ciki, amma shi kaɗai ba ya gina jini. Tana bukatar wake, gujiya, ganyen zogale, ƙwai, da ɗan nama ko hanta idan an samu.

A nan laifin ya dawo kanmu. Mun san yadda ake yi. Idan namiji ya shiga kaso, uwa da mata suna kai masa kwano. Idan mace ce, sai dangi su ji kunya, su ɗauke ƙafa. Wani lokaci mijin ne kan gaba wajen gudu. Wannan kunya ba ta da amfani ga kowa. Mai ƴar uwa a tsare ya kai mata abinci da sange da sabulu, ya kuma tambaya ko an kai ta awo.

Hukuma kuma tana da nata nauyi, kuma a rubuce yake. A ƙasarmu, a shekarar 2005 an yanke cewa fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Mace ba ta daina zama ƴar ƙasa don an rufe ta. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990, a sashe na 30, ta ce a fara neman hukuncin da ba na kaso ba ga mai ciki da mai goyo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙarfafa haka a ƙa'idodin Bankok na 2010. Ƙa'idodin Mandela na 2015 sun ce a yi ƙoƙari haihuwa ta kasance a asibiti, kada a ɗaure mace tana naƙuda, kuma idan an haifi ɗa a kaso kada a rubuta haka a takardar haihuwarsa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne dare. Naƙuda ba ta jiran safiya. Idan jini ya ɓalle wa mace bayan haihuwa, cikin awa biyu tana iya rasa ranta. Don haka masu gadi su san alamun haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, ganin duhu-duhu, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar ruwa kafin lokaci. Ɗaya daga cikinsu ta isa a buɗe ƙofa nan take. Takardar izinin fita, da mota, da mai rakiya, a shirya su tun ciki yana wata takwas.

Muna roƙon alƙalai su gaggauta shari'ar mai ciki. Idan laifin bai kai na jini ba, a ba da belinta ta jira a gida. Muna roƙon likitar da ke kusa da kowane gidan kaso ta sa rana guda a wata, ungozoma ta shiga ta yi awo, ta rubuta a karne. Ƙungiyoyin mata masu lambu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai kuma, idan sun yi ɗibar zogale da wake, su ware kwano guda su kai ɓangaren mata.